Suna linzami: abin da na gani a Miniyafolis, da abin da 'yan NEPU suka riga su sani

Wata Asabar a watan Oktoban 2021 aka ƙwanƙwasa mana ƙofa a nan Miniyafolis ta Amurka. Budurwa ce riƙe da takardu, sanyi ya sa hancinta ya yi jawur. Ƙuri'a ta zo nema kan tambayar da za a yi wa mutanen gari a Nuwamba: a rushe sashen 'yan sanda a kafa ma'aikatar tsaron jama'a, ko a bar shi yadda yake? Bayaninta da ma'ana. Ta ce idan mai taɓin hankali ya rikice a titi, ma'aikacin lafiya ya kamata a tura masa, ba mai bindiga ba. Ni dai na gamsu. Amma maƙwabcina, wani dattijo Basomale mai ɗan kanti a ƙasan benenmu, yana tsaye yana ji. Da ta dasa aya sai ya ce, "'Yata, ba ku ne masu cewa a yanke wa 'yan sanda kuɗi ba? Sau biyu ana fasa mini kanti. In an sake, ke zan kira?" Ta fi minti goma tana rantsuwar ba haka suke nufi ba. Ya yi mata godiya, ya shige abinsa.

Ba ita ta kar zomon ba, rataya aka ba ta. Bayan da ɗan sanda ya kashe George Floyd a garin nan a watan Mayun 2020, kansiloli tara suka hau dandamali a filin Powderhorn, gabansu an kafa manyan haruffa masu cewa a janye wa 'yan sanda kuɗi. Taken ya yi daɗi a bakin masu zanga-zanga. Da aka zo akwati, kusan kashi 56 cikin ɗari suka ce a'a.

Amurkawa sun mai da zaɓen kalma sana'a, har da masu cin abinci da ita. Frank Luntz, mai ba 'yan jam'iyyar Rifablikan shawara, shi ya yayata kiran harajin gado da "harajin mutuwa", harajin da manyan masu dukiya kaɗai ke biya. Wa zai yarda a bi mamaci kabari da rasit? A ɗaya ɓangaren kuma George Lakoff, masanin harshe, ya daɗe yana yi wa masu ra'ayin kawo sauyi faɗa cewa duk wanda ya ari kalmar abokin hamayya don ya ƙaryata ta, talla ya yi mata. Sun ji, amma ba kullum suke ɗauka ba. Inda suka ɗauka kuwa an ga aiki. Ma'aikatan gidajen abinci da suka fara yajin aiki a New York a 2012 ba su zo da dogon turanci ba, cewa suka yi a biya su dala 15 a awa. A 2020 mutanen Fulorida suka zaɓi Trump, kuma a ranar, a takarda ɗaya, sama da kashi 60 cikin ɗari suka amince da dala 15 ɗin nan.

Abin da ke ba ni dariya, duk wannan ilimin da ake biyan kuɗi a koya a nan, kakana da bai taɓa shiga aji ba ya san shi. Ɗan NEPU ne na a-mutu. Jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ba ta je kasuwar ƙauye tana karanta wa mutane falsafar rabon arziki ba. Sawaba ta ce. Kalma ɗaya, wadda duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya sauke ya san daɗinta, har Djibo Bakary a Nijar ya raɗa wa jam'iyyarsa sunan. Kalmar "talaka" kuwa, da ake jifan mutum da ita, Malam Aminu Kano da mutanensa suka wanke ta, ta koma abin da mutum zai bugi ƙirji ya kira kansa. In sun tashi magana, abin da ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya suke ambata da sunansa: haraji, jangali, aikin tilas, bulalar dogari. Kuma maganar ba ta tsaya a baki ba, don da PRP, jam'iyyar Malam Aminu ta baya-bayan NEPU, ta ci Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Yau kowane ɗan takara "talaka" yake kira, har wanda ya ci kuɗin taki, shi ya sa kalmar ta koɗe kamar tsohon zane.

To mu jikokin fa? In na kunna rediyon gida ta intanet na ji masu fafutukarmu, sai in rasa da wa suke. "Masu ruwa da tsaki." "Cin zarafi mai nasaba da jinsi." "Shigar da mata cikin harkokin shugabanci." Hausa ce a baki, amma kana jin ƙamshin takardar da aka fassaro daga ofishin mai ba da tallafi. Ga kuma uwa uba "wayar da kai", wadda tun kafin ka buɗe baki ka riga ka gaya wa mai sauraro kansa a duhu yake. Ni ina goyon bayan yawancin abin da suke nema, shi ya sa abin ke yi mini ciwo. Wanda ke adawa da su kalma biyu kawai yake buƙata, "aƙidar Turawa", ya gama da su.

Sau ɗaya na ga an yi abin daidai, shi ma bayan an sha wuya. Shekara da shekaru ana cewa "ƙayyade iyali", mutane na toshe kunne, don wa ya isa ya ƙayyade abin da Allah ke bayarwa? Da aka koma "tazarar haihuwa" sai ƙofofi suka fara buɗewa. Wani zai ce wayo ne, an sauya wa tuwo suna. Ban yarda ba. Kalmar farko lissafin gwamnati ce ta yawan jama'a. Ta biyun kuwa damuwar matar ce da kanta, abin da iyayenmu mata suka daɗe suna gudu da sunan kwanika, ga kuma shekara biyu ta shayarwa da kowane almajiri ya karanta.

Yayata tana aikin unguwarzoma a wani ƙaramin asibiti a gida. Kwanaki muna waya na tambaye ta, "Yaya, ke me kike ce wa mazan da suka ƙi?" Ta yi dariya ta ce ita ko tazarar ma ba ta ambata. Goyon take karɓa daga bayan uwar, ta ɗora shi a sikeli a gaban uban, ta nuna masa inda allurar ta tsaya, sannan ta ce, "Malam, a bar wannan ya sha nononsa ya ƙoshi tukuna, ko kuwa?"