Tukunyar da ba nama ma tana lalacewa

'Yan uwana da muka bar cin nama, musamman ku ƙannena da kuka shigo wannan layi kwanan nan, ina da magana da ku, kuma sai kun yi haƙuri da ni.

Biki ya watse, baƙi sun koma gidajensu, an bar mu da tukwane. Ga shinkafa rabin tukunya, ga dankalin da aka gasa ya yi yawa, burodi ya fara tauri, karas da kabejin da aka yanka da zumuɗi suna nan ba a kai ga dafa su ba. A irin wannan rana ce nake yawan jin wata magana a bakinmu: "Ai ba nama a ciki, ba abin da zai yi." Ni ma na taɓa faɗin ta, a kan wata shinkafa da ta kwana a rufe bisa murhu. Da safe na shinshina ban ji komai ba, na ɗumama ta har tana tururi, na ci na ƙoshi. Kafin rana ta take amai ya kwantar da ni. Na daɗe ina ɗora wa ruwan da na sha laifi, ashe shinkafar ce.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa. Tafasa ba ta gamawa da ita, domin takan shige cikin wani kwanso mai tauri ta laɓe har wuta ta wuce. Da zarar shinkafa ta huce ta zauna a ɗumin ɗaki, sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba guba. Gubar nan ɗumame ba ya karya ta, hanci ba ya jin ta, harshe ma haka. Taliya da sauran abinci masu sitaci ba su tsira ba. Kun ga ke nan abin da muka fi dogaro da shi, mu marasa cin nama, shi ne ya fi buƙatar a sa masa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani a sarari: tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyos ƙwayoyin cuta suka fi samun sake, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Shinkafa kuwa gara ta shiga firij cikin awa 1, a cinye ta washegari. Sauran dafaffen abinci yakan kai kwana 3 zuwa 4. Kada ka ɗauki tukunya sukutum ka cusa a firij, tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. Juye abincin cikin ƙananan mazubai masu faɗi ya yi saurin hucewa. Abin da ka san ba za ka ci cikin kwanakin nan ba, kai shi firiza tun daren bikin, ka rubuta rana a jikin murfin, don bayan mako biyu duk ƙanƙara kama ɗaya take. In za ka ɗumama, ɗebi iya cikinka, ya yi zafi har ciki, kuma sau ɗaya tak. Wanda ba shi da firij, hanyarsa ɗaya ce: ya raba abincin ga masu ci tun yana da zafi.

To kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, a zubar a huta. Nan ma akwai gyara. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. A waccan shekarar ta 2022, mutanen da ke fama da yunwa sun kai miliyan 783. Da yawanmu mun bar nama ne don tausayin dabba ko don kare muhalli, muna kuma alfahari da hakan a gaban mutane. Ina amfanin alfaharin in kabejinka ya ruɓe a ƙasan firij? Ruwan da aka ba shi a gona, gumin manomi, man motar da ta ɗauko shi, duk sun tafi a banza. Almubazzaranci bai san mai cin nama da mai cin ganye ba.

Dabarar ita ce ka daina kallon ragowar abinci a matsayin abincin jiya, ka ɗauke ta kayan girkin yau da aka riga aka yi maka rabin aikinsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gasasshen karas da dankali da albasa, in ka zuba musu ruwa suka tafasa ka markaɗa, miya ce mai kauri wadda ba wanda zai ce jiya ya gan ta a faranti. Dankalin da aka daka, haɗa shi da dafaffen wake da albasa, ka mulmula ka soya. Shinkafar da ta kwana a firij ta fi sabuwa daɗin suya, saboda ta tsane, ba ta caɓewa. Burodin da ya bushe ba lalacewa ya yi ba: yanka shi ƙanana ka gasa ka watsa a miya, ko ka niƙa ka adana garin, ko ka tsoma cikin ƙwai da madara ka soya in kana cin su. Amma wanda ya yi fumfuna, zubar da shi duka, kada ka yanke gefen ka ci sauran, don jijiyoyinta sun riga sun ratsa inda ido ba ya gani.

Ɓawon karas, kan albasa, ƙashin kabeji, karan ganyen da ka tsinke, tara su a leda ɗaya a firiza. In ta cika, tafasa su kamar minti 40 ka tace, ka sami romon kayan lambu kyauta. Sai dai dankalin da ya yi kore ko ya tsiro, kada ɓawonsa ya shiga. Akwai guba a wurin koren.

Sai maganar aljihu, kuma nan ne matasanmu suka fi ba ni haushi. Mutum ya bar nama, sai ya koma yana sayen kayan kamfani da aka sarrafa su yi kama da nama, a kwali mai ado, sau da yawa kuɗinsu ya kai na naman ko ya fi, sannan ya zo yana kuka wai rayuwar nan sai mai hali. Busasshen wake fa? In ka jiƙa shi ya kwana, ka dafa, nauyinsa ya ninka har ya ɗara. Dafa da yawa lokaci guda, ka kasa shi gida-gida a firiza, ka huta da wuta na mako. Wake da hatsi kuma abokan juna ne: abin da furotin ɗin ɗaya ya rasa, ɗayan na da shi. Jan waken nan mai siffar ƙoda kuwa yana da sharaɗi, dole ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, domin ɗanyensa da wanda aka dafa a ƙaramar wuta suna ɗauke da guba mai sa amai da gudawa.

Tsimi kuma ba ƙuntata wa jiki ba ne. Na ga waɗanda bayan biki suka shafe mako suna cin burodi da shinkafa zalla da sunan tattali. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai yadda za a dogara da shi. Ko ƙwai da madara, ko abincin da aka ƙara masa shi, ko ƙwayar magani. Wannan kuɗi ne da bai kamata a yi masa rowa ba, don rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi, kuma a hankali yake shigowa. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, jiki ya fi ɗaukarsa in akwai tumatir ko lemun tsami a gefe, shayi kuwa yana rage shi, don haka ɗan jinkirta shayin bayan cin abinci.

Yawancin ragowar nan tun a wurin awo aka haife ta. Tsoron kada a ce abinci bai isa ba ne ke sa mu zuba shinkafa da ido, mun manta cewa in ta dahu nauyinta yakan kusa ninkawa uku. Ɗanya giram 75 ta ishi babban mutum ɗaya, balle ga wasu kwanuka a kan tebur. Biki na gaba, ƙirga baƙinka kafin ka ɗora tukunya, ka kuma tanadi mazubai masu murfi a gefe, duk wanda zai tafi ka miƙa masa nasa a bakin ƙofa.