"Gida bai ƙoshi ba": karin maganar da marowata suka mayar garkuwa

Wani abu ya faru a guruf ɗin WhatsApp na ƙungiyar ci gaban garinmu wanda har yau ya ƙi barin zuciyata. Kwana biyu bayan girgizar ƙasar da ta afka wa lardin Kunar na gabashin Afganistan a daren 31 ga Agusta 2025, wani yaro malamin firamare, wanda albashinsa ko buhun shinkafa biyu ba zai saya ba, ya tura hoton wani dattijo zaune a kan ɓaraguzan gidansa, ya ce dan Allah ko ɗari biyar-biyar ne mu haɗa a aika ta hannun masu agaji. Kafin a kira isha'i an yi masa caa. Wani ya ce ya fara biyan bashin mai shago tukunna, wani ya ce neman suna ne, sai wani babba a cikinmu da muke ganin girmansa ya rufe zancen da cewa, "Malam, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa." Aka bi shi da tafi. Yaron nan ya ba da haƙuri kamar wanda aka kama da akuyar wani.

Na san yunwar da ake ciki. Ni ma a ƙauye nake, a kwarin Haɗeja, na san kuɗin buhun taki, na san gidajen da ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini. A daminar 2022 da idona na ga gonakin shinkafa sun koma kogi, mutanen Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim suna kwana a azuzuwan makaranta. Don haka kar wanda ya zo ya koya min cewa gida da yunwa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne wai tausayin na nesa ne ya hana gida ƙoshi.

A Kunar mutum sama da 2,200 suka rasu, kuma girgizar maki 6 ce kawai, ba ta kai ta Turkiyya ta 2023 ƙarfi ba ko kusa. Abin da ya kashe su ginin ne. Gidajen laka da duwatsu da itace a jikin tsauni, kusan tsakar dare, kowa na barci, rufi ya danne iyali gaba ɗaya, zaftarewar ƙasa ta toshe hanya har sai da jirage masu saukar ungulu aka riƙa kwaso waɗanda suka ji rauni. Kuma a shekarar ce Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ƙananan asibitoci da dama a Afganistan sun riga sun rufe kafin ma ƙasa ta motsa. Yanzu ku faɗa min, wane ne a duniya ya fi mu sanin wannan mutuwar? Mu da duk watan Agusta sai an yi jana'izar waɗanda ɗakin ƙasa ya rufta wa, azara ta karye a kan uwa da 'ya'yanta bayan ruwan kwana? Idan akwai wanda bai kamata a yi masa dogon bayani ba kafin idonsa ya kawo ruwa, to ɗan ƙauyen Jigawa ne.

Mu zo ga lissafi, tunda masu karin maganar nan suna magana kamar dukiyar ƙasa ake kwashewa ana kai wa baƙi. Lokacin da girgizar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutum sama da dubu 50 a Turkiyya da Siriya, gwamnatin Buhari ta ba Turkiyya dala miliyan ɗaya. Na tuna hayaniyar da aka yi, don a daidai lokacin ne ake wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ya rasa ɗari biyun da zai sayi omo, kowa a wuya yake. To a canjin gwamnati na lokacin dala tana wajen naira 460, kenan kuɗin bai kai naira miliyan 500 ba. Raba shi ga 'yan Najeriya sama da miliyan 200, kowa ya tashi da kamar naira biyu. Naira biyu! Ita ce ta hana a yashe kogin Haɗeja? Ita ce ta bar ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwa shekara da shekaru har kogi ya rasa inda zai bi sai cikin gonakinmu? Wanda yake neman inda abincin gida ya tafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, amma ya fi masa sauƙi ya huce a kan malamin firamare.

Kuma abin da ya fi ƙona min rai, a cikin waɗanda suka yi wa yaron nan caa akwai waɗanda wata uku muna bin su dubu ɗaya ta gyaran kwalbatin bakin kasuwa ba su bayar ba. Dawa ba a kai mata ba, gidan ma ba a ba shi ba. Idan aka ce Afganistan su ce gida, idan aka ce gida su ce aikin gwamnati ne, idan gwamnati ta kawo su ne a gaban layi.

Sai kuma mantuwa. Duk wanda matarsa ko ƙanwarsa ta taɓa doguwar naƙuda a yankin nan ya san asibitin Jahun. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari a wurin, kyauta, mata na zuwa daga Jigawa da maƙwabta. Kuɗin daga ina? Mafi yawansa daga aljihun ɗaiɗaikun mutane ne a Faransa da Jamus da Japan da sauransu, mutanen da ko a taswira ba za su iya nuna Jahun ba, kuma su ma a ƙasashensu akwai masu kwana a titi. Da tsohuwar da ke cire ɗan abu daga fanshonta duk wata ta ce gida bai ƙoshi ba, mata nawa za mu binne? Allurar shan-inna da aka bi gida-gida da ita har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, da kuɗin Rotary da gidauniyar Gates da ta Ɗangote a ciki. Rijiyoyin burtsatse da masallatan da Larabawa suka gina mana, da naman layyar da ƙungiyoyin Turkiyya ke rabawa a Arewa, duk mun karɓa da hannu bibbiyu mun yi addu'a. Ban taɓa jin wanda ya mayar da nama ya ce a kai wa talakan Turkiyya tukunna ba.

Wani ustaz a guruf ɗin ya kawo hadisin da ya ce ka fara da waɗanda kake ciyarwa. Gaskiya ne, amma cewa aka yi ka fara, ba a ce ka tsaya nan ba. Ai mun karanta yadda Allah ya yabi mutanen Madina a Suratul Hashri da cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata. Mun karanta shekarar fari a zamanin Sayyadina Umar, yadda ya aika wa gwamnoni, Amru ɗan Asi ya turo ayarin abinci tun daga Masar zuwa Madina. Masar ɗin babu mabuƙaci a cikinta ne?

Da masu sukar nan sun ce tsoronsu kar kuɗin ya salwanta a hanya, da na tsaya na saurare su, don nan ne ainihin ciwon yake, kuma manyan gidauniyoyin duniya ba su da bakin kare kansu. Ku tuna Haiti. Ranar 12 ga Janairu 2010 girgiza ta rushe babban birninsu, duniya ta yi ta zuba kuɗi kamar ruwan sama, Red Cross ta Amurka kaɗai ta tara kusan dala rabin biliyan. Shekara biyar bayan nan 'yan jaridar ProPublica da NPR na Amurka suka bi sawu suka ce gidaje na dindindin shida kacal ta gina. Ƙungiyar ta musa, ta ce ta taimaka wa dubban mutane da matsuguni na wucin gadi da kuɗin haya, amma shida ɗin nan ba ta goge ba. Kuɗi ya bi ta hannu zuwa hannu, kowace ƙungiya ta cire na gudanarwa ta miƙa wa ta gaba, ƙwararru daga waje da manyan motoci da albashin dala, ɗan ƙasa kuma yana kallo. A kan wannan kuma sai sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo musu da kwalara ta kashe kusan mutum dubu 10, sai a ƙarshen 2016 sakatare-janar na Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwa.

Ku dubi kuma yadda agaji ke bin kyamara da siyasa. Girgiza ɗaya ce ta 2023, amma jiragen masu ceto suna sauka a Turkiyya cikin sa'o'i, arewa maso yammacin Siriya kuwa, inda yaƙi ya riga ya gama da mutane, ƙofa ɗaya tal ce, Bab al-Hawa, aka yarda Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da kaya ta cikinta. Kwana uku kafin motocin farko su shiga, 'yan sa-kai masu fararen hulunan kwano suna tono da hannu da shebur. Shugaban agajin Majalisar na lokacin, Martin Griffiths, da bakinsa ya amsa cewa sun gaza wa mutanen. Da Tarayyar Turai ta kira taron masu ba da tallafi a watan Maris, aka yi alkawarin yuro biliyan 7, na Siriya bai kai biliyan ɗaya ba. Kuma alkawari a gaban makirfo daban, abin da ya isa tantin mai marayu daban. Mu ma nan mun san wannan, mun ga yadda manya suka yi ta sanar da gudummawa bayan ambaliyar Maiduguri a Satumba 2024 da gobarar tankar Majiya wata guda bayanta, a cikinmu wa ya koma ya tambayi iyalan nawa ya shigo hannunsu?

To wannan duk hujja ce ta a sa ido, ba hujjar naɗe hannu ba ce. Manomin da ɓera ya shigar masa rumbu kyanwa yake nema, ba ya daina noma. Masu cewa sadaka ce, Allah ya ga niyya, ba a bin diddiginta, su ma ban tare da su, don da wannan maganar ce 'yan damfara ke cin kasuwarsu, a ɗauko bidiyon wata tsohuwar girgiza a liƙa lambar akawun wani gaye a ƙasa, bayin Allah su yi ta tura dubu-dubu. Amanar wanda gini ya danne ce, dole a tambaya.

Abin yi ai ba ɓoyayye ba ne. Kar a tura wa akawun mutum ɗaya. A nemi ƙungiyar da take da mutane a ƙasar tun kafin bala'in, kamar Red Crescent ta wurin ko likitocin da muka riga muka ga aikinsu a Jahun, a ba da kuɗi, a bar zancen tara gwanjo da barguna da kuɗin jirginsu ya fi su tsada. Attajiranmu da gidauniyoyinsu kuma, masu ba da miliyoyi a gaban 'yan jarida, bayan wata shida su fito su faɗa mana abin da aka yi da su, na waje da na gida duka. Ƙungiyoyin garuruwa irin tamu su buɗe asusun bala'i guda ɗaya, kaso mafi tsoka na gida, ɗan abin da ya saura na duk inda Allah ya jarrabi bayinsa.

Na kira malamin nan washegari. Ya ce min, "Yaya, ni fa dubu biyu ce da ni, na riga na tura tun daren, kunya ce ta sa ban faɗa ba." Na tambayi ma'ajinmu, ya duba littafi, sunan yaron na cikin mutum goma na farko da suka biya kuɗin kwalbati. Alhaji, da girmanka da komai, kai ne ka yi masa karin magana a gaban jama'a, kuma a gaban jama'ar ya kamata ka ba shi haƙuri.