Bakano, Bazazzagi da A Daidaita Sahun Los Santos

(Gidan gem ɗin Alhaji Bakano, bayan la'asar. Kwamfutoci huɗu, kwastoma babu ko ɗaya. Yaron shago na korar ƙuda, mai shayin ƙofar shago ya leƙo da kai ta taga.)

BAKANO: Yauwa bawana, gara da Allah ya kawo ka da ƙafarka. Ba kai ka ce min in cire Windows ba?

BAZAZZAGI: Ni ban ce ka cire ba Alhaji, Microsoft ne ya cire ka. Tun 14 ga Oktoba 2025 suka daina ba Windows 10 tsaro, kuma kwamfutan nan naka i5 ne ƙarni na shida, shi Windows 11 na takwas yake nema zuwa sama. Ya tsufa, shi ya sa na sa maka Linux.

BAKANO: TA tsufa. Kwamfuta mace ce, ku Zage-zagi ko uwargida ce sai ku ce ya tafi unguwa. Kuma ni ba don wani tsaro na yarda ba, cewa ka yi kyauta ne, ni kuwa da na ji an ce kyauta sauran bayanin ba ya shiga kunnena.

YARO: Oga amma fa gem ɗin yana yi. GTA San Andreas ɗin ya tashi lafiya lau, CJ, jarumin gem ɗin, na ta yawo a Grove Street ba ko gargada.

BAZAZZAGI: Ka ji ko? Aikin Wine kenan. Tafinta ne, gem ya yi magana da yaren Windows shi kuma ya juya wa Linux. Tun 1993 ake gina shi, a kansa Valve suka ɗora Proton a 2018, kuma Steam Deck da suka fitar a 2022 ma...

BAKANO: Dakata malam, ba lacca na zo ɗauka a Samaru ba. Wancan yaron na tsallaken titi ya sa a daidaita sahu a cikin nasa gem ɗin, rawaya shar, CJ da babbar riga da hula zanna yana ɗaukar fasinja a Los Santos, duk yaran unguwar nan sun koma can har da ɗan cikina da nake ciyarwa. Ni ma shi nake so. Yau.

BAZAZZAGI: Au, mod kake nufi, wato kwaskwarimar da ake yi wa gem. Wannan ai minti biyar ne.

MAI SHAYI: In dafa indomi kenan, za a kwana.

(Bazazzagi ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya buɗe baƙin allo.)

BAKANO: Innalillahi, meye wannan baƙin abin? Kai ko dai ɗan yahu ne ban sani ba?

BAZAZZAGI: Tamina ne Alhaji, wajen rubuta wa kwamfuta umarni. Zo ka sa fasuwod ɗinka, sudo yana tambaya.

BAKANO: Waye Sudo? Ɗan wane gida ne da zan ba shi fasuwod ɗina? To ku juya baya. Har kai mai shayi. (Ya danna, ya sake dannawa.) Ka gani ko, ka lalata min kibod, ina rubutawa ba abin da yake fitowa.

BAZAZZAGI: Haka yake, ba ya nuna ko tauraro ɗaya, don kar na kusa da kai ya ƙirga haruffan. Ka rubuta kawai ka danna enta.

YARO: Oga ai ba sai ka wahala ba, kudi123 ne.

BAKANO: Za mu yi magana da kai anjima.

BAZAZZAGI: To na farko, wane bashon ne gem ɗin nan? In ba 1.0 ba ne mun sha kashi tun kafin a fara dambe. A 2005 wani mutumin Holan ya tono wani ɓoyayyen abin rashin kunya da Rockstar suka bari a cikin gem ɗin, aka yi ta hayaniya a Amurka, sai kamfanin ya fitar da bashon 2.0 wanda ba ya son a taɓa masa fayil. Shi ya sa har gobe masu mod 1.0 suke nema.

MAI SHAYI: Wane irin abin rashin kunya?

BAKANO: Kai ka kula da tukunyarka.

YARO: 1.0 ne, tsohon faifan Oga ne tun na zamanin da yana da gashi.

BAZAZZAGI: Alhamdulillah. Yanzu ina fayilolin keken?

YARO: Ga su a filasha, wani abokina ya turo min, har da wata 'yar manhaja da ya ce ita ke shigar da komai da kanta, dannawa ɗaya.

(Bazazzagi ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Wani ɗan akwati ya fito da jan rubutu.)

BAKANO: Me ta ce?

BAZAZZAGI: Wai .NET Framework yake nema. Shi Wine yana da nasa madadin, Mono, amma ba kowane manhaja ke yarda da shi ba, wannan na Microsoft ɗin yake so na asali. Ba komai, akwai winetricks. Zan rubuta winetricks dotnet48 kawai, sai dai fa zai fara cire Mono, ya sa 4.0, sannan ya ɗora 4.8 a kai, yana ɗan ɗaukar lokaci.

BAKANO: Tsaya in gane. Mun gudu daga Windows saboda ka ce Linux ya fi, yanzu kuma muna zaune muna sauko da Windows ɗin gutsure-gutsure, da datata?

BAZAZZAGI: Ba haka ake kallon abin ba Alhaji.

BAKANO: To yaya ake kallonsa? Ta gefe?

(Layin kore yana tafiya kamar ba ya so. An yi magariba. Ya kai kusan ƙarshe, ɗif, aka ɗauke wuta.)

MAI SHAYI: Da ƙwai nawa za a sa a indomin?

BAKANO: Kai yaro ta da janareto. Kuma ka rubuta a littafi, fetur lita ɗaya, sunan Bazazzagi.

(Wuta ta kawu. Bazazzagi ya sake gwadawa, komai ya ƙi.)

BAZAZZAGI: Firefis ɗin ya ɗan rikice tunda abin ya yanke a tsakiya. Wato Wine yana ƙirƙiro wani ɗan Windows na bogi a cikin folda ɗaya, da nasa C da nasa rajista, to shi ne ya lalace. Sai mun yi sabo mu kwafe gem ɗin ciki.

YARO: Ni fa na duba duk kwamfutar nan ban ga wani C ba.

BAZAZZAGI: A ɓoye yake. Sunan foldan .wine, duk abin da ya fara da ɗigo Linux ɓoye shi yake yi. Danna Ctrl da H. Ga shi nan, shiga drive_c.

BAKANO: Wato akwai ɗaki a cikin kwamfutata da ban san da shi ba, kuma ba ya biyan haya.

BAZAZZAGI: Kai wallahi ma ka ga, mu bar wannan manhajan na abokinka, ba ma buƙatarsa. Abin da yake yi kwafe fayil ne kawai, mu ma muna da hannu. Da can sai an buɗe gta3.img an cusa mota ciki, yanzu akwai Mod Loader, folda ne za ka buɗe ka zuba taxi.dff da taxi.txd, na farkon shi ne jikin keken na biyun fentinsa, duk tasi irin wannan a garin sai ya koma a daidaita sahu.

BAKANO: To me ya sa muka ƙona fetur a kan dotinet?

BAZAZZAGI: Ilimi ne, ba ya ɓaci.

BAKANO: Yaro ƙara rabin lita.

(An zuba fayiloli. An kunna gem. CJ ya fito bakin titi, tasi ta wuce, tasi ce dai irin ta Amurka. Wata ta sake wucewa.)

YARO: Oga babu keke.

BAKANO: Ina da ido.

BAZAZZAGI: Hmm. Mod Loader bai tashi ba sam. Bari in gani... yauwa! Na kama shi. Ka ga wannan dinput8.dll ɗin da ke cikin foldan gem? Shi ne lodan ASI, ya ari sunan wani fayil na Windows ne don gem ya ɗauke shi bai sani ba, shi kuma sai ya buɗe wa sauran mods ƙofa. A Windows dabaran yana ci, saboda gem yana fara duba foldansa. Amma Wine yana da nasa dinput8 na cikin gida, sai ya ɗauki nasa ya share namu.

MAI SHAYI: Son kai kenan, har a cikin na'ura.

BAZAZZAGI: Sai mun gaya masa da baki. Ko a buɗe winecfg a je wajen Libraries a ƙara dinput8, ko a rubuta WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" kafin a kira gem ɗin. Wannan n ɗin yana nufin fara da wanda muka kawo, b kuma in bai samu ba ya koma nasa.

BAKANO: Kuma duk yaron da ya zo da naira ɗari biyunsa sai ya haddace wannan ɗalasimin kafin ya buga?

BAZAZZAGI: A'a, zan sa a Lutris sau ɗaya, daga nan dannawa ne kawai.

BAKANO: Waye kuma Lutris? Ƙanin Sudo ne? Kai mutum nawa ka tara min a cikin kwamfutar nan?

(An sake kunnawa. CJ ya tsaya a titi. Can sai ga wani abu rawaya ya ɓullo daga kwana.)

YARO: KEKE! Oga wallahi keke ne! Har da labulen gefe!

BAKANO: Allahu akbar! Matsa in gani. Kai, har da rubutu a baya. Bazazzagi ashe kana da amfani, na janye rabin abin da na faɗa a kan kakanninka.

MAI SHAYI: Amma wannan keken gudun tasi yake yi fa, ji yadda ya wuce motar 'yan sanda.

BAZAZZAGI: Jiki kawai muka canza, injin na nan a handling.cfg, har yanzu gem ɗin tasi yake gani.

BAKANO: Bar shi haka, ai na Kano ma haka suke gudu. Yanzu yaro danna wannan maɓallin da na tsallake yake dannawa keke ya faɗo gaban CJ daga sama.

YARO: Na danna Oga. Ba abin da ya faɗo.

BAZAZZAGI: Wannan aikin CLEO ne, shi ke ƙara wa gem sababbin umarni, kuma na ga ya tashi. Ina ka zuba fayil mai .cs ɗin?

YARO: A foldar cleo mana. Na warware zif ɗin a kai kamar yadda ake yi.

BAZAZZAGI: Buɗe in gani. Kai! Ka ga abin da nake gudu. Folda biyu ne, ga cleo da ƙananan baƙi, ga CLEO da manya. A wajen Windows mutum ɗaya ne, a wajen Linux kuwa Hassan da Usaini ne, kama ɗaya amma kowa da cikinsa. Gem ya je wajen Hassan, kai kuma ka ba Usaini saƙon.

BAKANO: To a haɗa su mana, ai ba gado za a raba ba.

(An kwashe na CLEO an zuba a cleo, an goge ɗayar. Yaro ya danna, keke ya faɗo tim a gaban CJ. Ya sake dannawa, wani ya faɗo a kan na farkon. Kafin a ankara Grove Street ta cika maƙil.)

MAI SHAYI: Wannan ai Kantin Kwari ne ana gobe sallah.

BAZAZZAGI: Ka gani ko Alhaji? Ba lasin, ba kirak, ba bairos. Kuma sisi ba ka kashe ba.

BAKANO: Ni ban kashe ba kam. Yaro karanto masa.

YARO: Zama a kan kwamfuta daga la'asar zuwa yanzu, awa shida, a ɗari biyu-biyu. Fetur lita ɗaya da rabi. Data. Indomi da ƙwai uku.

BAZAZZAGI: Haba Alhaji! Aiki fa na yi maka! Ni ya kamata a biya!

BAKANO: Da bakinka ka ce komai na Linux kyauta ne, ni kuma ban taɓa cewa komai na shagona kyauta ne ba. Kuma ina babbar rigar CJ? Har yanzu da singileti yake yawo kamar ɗan dako.

BAZAZZAGI: Wannan a player.img yake, shi ma Mod Loader zai iya, gobe da safe...

(Wasu yara uku suka leƙo.)

YARAN: Alhaji ana buga PES a nan? Mai rigar Pillars ɗin nan irin na tsallake?

BAKANO: Ana bugawa mana, ku shigo! Injiniya, sa musu.

BAZAZZAGI: To wannan... wannan Sider ake sa masa, shi kuma daban yake tashi ya shiga cikin gem ɗin yana tafiya, sai su biyun suna firefis ɗaya lokaci ɗaya, amma ba matsala, bai fi minti bi...

MAI SHAYI: Ni zan tashi, amma akwai mai kunun kanwa da asuba.

BAZAZZAGI: Bari in ɗan zaga in dawo Alhaji.

BAKANO: Yaro, kulle ƙofar nan ka kawo min makullin. Kuma ɗauke masa takalminsa.