Wa ke ƙirga awannin likita mai neman ƙwarewa?

Duk sanda aka tashi maganar horar da likitoci masu neman ƙwarewa a gida Najeriya, hira kan kuɗi take ƙarewa: bashin albashi, alawus, da kuɗin horo da dokar 2017 ta tanada, wanda sau da yawa sai an kai ruwa rana yake fitowa. Ba laifi, yajin aikin ƙungiyarsu ta ƙasa, NARD, na 2021 ya haura wata biyu. Amma tun zuwana Ingila aiki, abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne.

A nan akwai mai ƙirga awannin da ƙaramin likita ya yi. Ƙa'ida awa 48 ce a mako idan an haɗa an raba. Yarjejeniyar aikin ƙananan likitoci ta 2016 ta hana aikin yini ko na dare ya wuce awa 13, ta kuma hana haura awa 72 cikin kwana bakwai. Idan lokacin tashinka ya wuce, ko yawan marasa lafiya ya hana ka zuwa darasi, ɗan fom za ka cike a waya. Akwai babban likita da asibiti ya naɗa don sa ido a kan waɗannan koke-koke, kuma in an keta wasu iyakoki, tara ake cin sashen. Duk shekara hukumar GMC mai sa ido kan aikin likitoci tana tambayar masu horo yadda ake koyar da su, shugabanninsu ba sa ganin wa ya ce me. Sashen da ya ƙi gyaruwa, ana iya kwashe masa likitocin horo.

Mu ma a gida muna da masu sa ido. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejojin Afirka ta Yamma suna tura tawaga ta duba asibiti kafin a amince masa, kuma jarrabawarsu ba ta wasa ba ce. Sai dai tawagar da sanarwa take zuwa. A ƙirga gadaje, a ƙirga manyan likitoci, a leƙa ɗakin tiyata da aka yi wa sabon fenti. Shi kuwa wanda ya kwana yana karɓar haihuwa, gari ya waye ya tsaya zagayen duba marasa lafiya ido jajir, ya zarce asibitin rana, wa zai kai wa kuka? Ogan da zai yi ƙorafi a kansa shi ne zai sa hannu a takardar jarrabawarsa, shi ne kuma mai duba bincikensa. Amsar an san ta: “Mu ma haka muka yi.”

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Ƙananan likitocin nan su ma sun shiga jerin yajin aiki daga Maris 2023. Ga yawon da ake sa su, bayan 'yan watanni ko shekara a tura ka wani asibiti, wani lokaci wani gari, har babban likita ya kasa riƙe sunanka. A gida za ka yi shekara biyar ko shida ƙarƙashin malamai ɗaya, sun san hannunka, sun san ranar da ya dace su miƙa maka wuƙa su koma gefe. Wannan ba zan so mu yar ba, haka tarin cike-ciken kwamfuta na nan ba na mana sha'awarsa.

Abin da nake so kwalejojinmu su ara shi ne tambayar sirrin nan ta shekara-shekara, su tura ta kai tsaye wayar kowane mai horo, su kuma ɗaura sabunta amincewar kowane sashe a kan amsoshin da suka dawo.