A Gilasgo babu ɗakin Goggo

Ranar Laraba da daddare muna cin tuwo, babbar ɗiyata, wadda ko sunanta ba na kamawa, ta ɗago kai ta ce wa babanta: "Abba, na fara al'ada tun shekaranjiya, marata na ciwo. Ka sayo min farasitamol." Malam ya tsaya da loma a hannu. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun shekaranjiya! Malamar ajinsu ta sani, ƙawayenta sun sani, ni da na haife ta sai a bakin kwano nake ji.

Shekarunta 11, tana aji bakwai na firamare a nan Gilasgo, wani birni a Sikotilan. A banɗakin makarantarsu akwai ɗan kwando cike da audugar mata, duk mai so ta ɗiba, ba mai tambayarta. Haka abin yake a laburaren unguwa. Tun 2018 ake raba ta kyauta a makarantun Sikotilan, a watan Agustan 2022 kuma dokar da ta wajabta samar da ita kyauta ga duk mai buƙata ta fara aiki, su ne na farko a duniya. Tun yarinya ba ta ga jini ba an zana mata mahaifa a allo, an nuna mata yadda ake manna audugar a kamfai, kamar ana koya mata ɗaure takalmi.

Ban ce ba su yi ƙoƙari ba. Na san masu fashin makaranta a can gida Najeriya saboda tsumma. Na kuma san wadda aka ce wa in namiji ya taɓa hannunki kin yi ciki, ta shekara tana gudun yayyenta maza. Ni ce.

Amma fa aikin jiki kaɗai suka koya mata. Ba wanda ya gaya mata alƙalami ya hau kanta, azumin bana ya zama wajibi. Ni ranar da na gani a Zariya ban tunkari Inna ba, wa ya isa? Ɗakin Goggo na faɗa ina kuka. Ta tura ƙofa, ta yage tsohon zane ta nuna min kunzugu, ta sa na biya mata babin haila na Ahalari, sannan na kwatanta wankan tsarki har sau uku. Washegari na tarar da sabon hijabi a kan gadona, Inna ba ta ce uffan ba. Baba ya daina aikena bayan magariba. Kowa ya sani, ba wanda ya furta. Mutanen nan za su kira shi ɓoye-ɓoye, mu sutura muka san shi.

Malam dai ya zura rigar sanyi ya fita cikin yayyafi, ya dawo da maganin har da cakulan, suka zauna suna hira abinsu. Wannan ma ya sosa min rai. A gidan nan mai ɗaki biyu babu goggo, babu kaka, babu yaya. Ni ce duka, ni kuma an raine ni in kau da kai daga 'yar fari.

Ranar Asabar na kira ƙanwar Malam ta WhatsApp, na miƙa wa yarinyar waya na laɓe a bayan ƙofa. Layi na yankewa, Hausar tata rabi da rabi, gwaggon na cewa "ki cuɗa gaɓoɓinki" ita kuma tana "me?" Da na gaji da laɓe sai na shiga na zauna a bakin gado ina yi musu tafinta, idona a ƙasa.