Samarin Feshi, Ku Ji Tausayin Jikinku

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena da kuka riƙi feshin gona sana'a a wannan damina. Allah Ya yi wa nemanku albarka. Amma yau da ɓacin rai na zo muku.

Jiya da hantsi na bi ta gefen wata gonar masara, na tarar da wani saurayi, daga shi sai gajeren wando, ba riga ba takalmi, yana goye da injin feshi. Murfin injin bai rufu da kyau ba, duk takun da ya yi sai ruwan maganin ya tuttulo, ya bi gadon bayansa, ya jiƙe wandon nan sharkaf. A gabana ya haɗa wani zubin: ya tsiyaya maganin a bokiti, ya tsoma hannu har gwiwa yana motsawa. Da bakin famfon ya toshe, sai ya kwance shi ya kai baki ya hura. Na ce, "Ƙanina, ba ka tsoron abin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai mun saba. Ciyawa yake kashewa, ba mutum ba." Ya goge hannu a wando, ya ɗebo gyaɗa daga aljihu ya watsa a baki.

Wallahi har na isa gida raina bai daina suya ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Ku je duk fadamar da ake noman rani, wajen 'yan tumatir da albasa da shinkafa, za ku gan su jere, kowa tsirara rabi, iska na dawo musu da feshin a fuska, suna hira suna sheƙa dariya. Wanda ya sa safar hannu da takunkumi shi ne abin tsokana, a ce ya cika tsoro kamar mace. Wace irin jarumta ce wannan? Da me kake gasa, da guba?

Ku tsaya ku ji abin da ya fi tayar min da hankali. Masu bincike sun daɗe da auna yadda fatar mutum ke tsotse maganin ƙwari, suka gano ba duk jiki ne ɗaya ba. Fatar maraina ita ce kan gaba, abin da take zuƙewa ya ninka na sangalin hannu fiye da sau 10. To kai da wandonka ke jiƙe da magani tun safe har azahar, ga zafin rana, ga gumi, ina kake zaton abin yake tafiya? Daidai wurin da Allah Ya ajiye maka zuriyarka ka je ka jiƙa, ka yini da shi, wani ma har ya kwana da wandon.

An taɓa yin haka a wata ƙasa, kuma an ga ƙarshensa. A shekarar 1977, a garin Lathrop na jihar Kalifoniya a Amurka, wasu ma'aikatan masana'antar haɗa maganin gona suka lura da wani abu a tsakaninsu: duk waɗanda ke sashen da ake sarrafa wani magani mai suna DBCP, mai kashe tsutsar ƙasa, matansu sun daina samun ciki. Majiya ƙarfi ne, ba mai ciwon da ido ke gani. Da likita ya gwada maniyyinsu, sai aka tarar wasu ƙwayoyin haihuwarsu sun ragu ƙwarai, wasu kuwa babu ko ɗaya, kuma waɗanda suka fi daɗewa a aikin su abin ya fi yi wa illa. Amurka ta hana amfani da maganin a kusan dukkan gonakinta a 1979, amma aka ci gaba da zuba shi a gonakin ayaba na wasu ƙasashe matalauta. Dubban leburori a Kosta Rika da Nikaraguwa sun shafe shekaru suna zaryar kotu a kan haihuwar da suka rasa. Su ma sun saba da shi, ƙanina. Sabo bai hana shi aikinsa ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada wani ya ce ai wancan maganin ba shi muke fesawa ba. A 2023 masana daga Jami'ar George Mason ta Amurka sun tattara bincike 25 da aka yi cikin kusan shekara 50, suka ga cewa mazan da suka fi cuɗanya da magungunan ƙwari na dangin oganofosfet da kabamet sun fi ƙarancin ƙwayoyin haihuwa. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper ɗan dangin oganofosfet ne. Atirazin da kuke kwarara wa masara kuwa, Tarayyar Turai ta hana manomanta amfani da shi tun 2004 saboda yadda yake gurɓata ruwan ƙasa. Mu a nan da hannu ake dama shi. Gani ga wane ai ya isa wane tsoron Allah.

Duniya ma hankalinta a tashe yake a kan wannan batu. Tun 1992 likitocin Denmak suka fara ƙorafi cewa ƙwayoyin haihuwar maza na raguwa. A 2022 Farfesa Hagai Levine da Shanna Swan da abokan aikinsu suka fitar da nazarin da ya haɗa ƙasashe 53, har da na Afirka, inda suka ce daga 1973 zuwa 2018 matsakaicin adadin ya faɗo daga kusan miliyan 101 zuwa miliyan 49 a kowane mililita na maniyyi. Masana na ta muhawara a kan girman raguwar da musabbabinta, ana ambaton ƙiba da taba da sinadaran roba da magungunan gona. Mutanen da ke sa rigar kariya da tabarau kafin su taɓa kwalba su ne ke wannan fargaba. Kai kuwa da kake wanka da abin, ko a jikinka.

Bari ma in taɓo 'yan uwan wannan ganganci, don duk gida ɗaya suke. Jarkar magani ta ƙare, an ɗauraye ta sama-sama, ta koma ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Ɗan kasuwa ya zazzaga wa wake fiya-fiya don kada ya yi ƙwari, ya sayar wa jama'a su dafa. Abin da ya sa Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu a 2015 ke nan, mu kuma muka ci gaba da ci. Koko mai tururi a leda, alale a leda, tuwo a leda. Ana babbake kan sa da ƙafafu da tsohuwar taya, yara na tsaye cikin baƙin hayaƙin. Masu fasa batir suna narka dalma ba ko ƙyalle a hanci, bayan duk mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma an san tana lalata maniyyin manya. Sannan da yamma a tashi daga gona a zarce majalisar shisha, a ɗora sigari, wani ya kora da tiramol wai don ya ji ƙarfin aiki. Haba jama'a! Jiki guda nawa gare ku?

To, sai a yi aure. Shekara ɗaya, biyu, uku shiru. Wa ake kallo? Yarinyar mutane. Uwar miji ta fara habaici, dangi su fara kiranta juya, a ɗura mata saiwoyi da jiƙe-jiƙe har cikinta ya lalace, a kai ta wurin wannan malami da wancan boka. Shi kuwa gogan ko sau ɗaya ba a ce ya je a duba shi ba, in ma likita ya nema sai ya hau fushi, wai an raina mazantakarsa. Sai ya ƙaro ta biyu, ita ma shiru, ya ce an yi masa asiri. An bar jaki ana dukan taiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Namiji na iya zama garau a shimfiɗa, maniyyinsa kuma fanko. Masu lasifika a tasha da bakin kasuwa da ke sayar muku da maganin ƙarfin maza ba za su taɓa faɗa muku wannan ba, su kuɗinku suke so, batsar da suke yi a gaban yara da mata kuwa wannan wata musibar ce ta daban.

Na san amsar da wasu za su ba ni: haihuwa ta Allah ce. Ƙwarai kuwa, Shi ke bai wa wanda Ya so, Ya hana wanda Ya so, babu mai ja. Amma Shi ne kuma Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, kuma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wanda ya tsoma hannu a guba da gangan ba shi da bakin kiran ƙaddara. Na kuma san talauci gaskiya ne, kuɗin feshin nan da shi wasu ke ciyar da iyayensu, ban raina ba. Sai dai wanda ke iya sayen data kullum ba zai ce min doguwar riga da safar hannu da sabulu sun fi ƙarfinsa ba.

Ku rufe jikinku, ku yi wanka ku sauya kaya da zarar kun sauke injin, ku bar ci da sha a tsakiyar feshi. Jikin namiji yakan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, shi ya sa wasu in suka nisanci abin da ke cutar da su sukan farfaɗo. Wasu daga cikin mutanen Lathrop sun farfaɗo, wasu kuwa har abada. Wanda aurensa ya shekara ba labari, ya kama hannun matarsa su je asibiti tare, a fara da shi, gwajinsa ma ya fi nata sauƙi da araha. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da ke ƙara min baƙin ciki, ba haka muka taso muka gani ba. Iyayenmu da toka da barkono da ganyen darbejiya suke adana hatsi a rumbu, ya shekara lafiya. Ciyawa gayya ake kira mata, samari su fito da fartanya, makaɗi na zuga su, kafin la'asar an share gona. Da magungunan nan suka fara shigowa, malamin gona ne ke zuwa a kan babur ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya nuna yadda ake aunawa da inda ake binne kwalbar, kuma ba a bai wa yaro ya taɓa. Dattijo in ya gan ka kana wasa da abin cutarwa zai daka maka tsawa ko ba ɗansa ba ne, kai kuma ka sunkuyar da kai. Yanzu malamin gona sai a rediyo, maganin kuma ana kasa shi a faranti ranar kasuwa kusa da mai ƙosai, ana tsiyaya wa yara a robar lemo ba ko takarda a jiki. Mai gona yana zaune a inuwa yana kallon ɗan maƙwabcinsa na jiƙewa da guba saboda ladan 'yan jarkoki, bakinsa bai iya cewa "sa riga" ba, shi dai a gama masa kafin hadari ya taso.