Ina yaronka yake a daren nan?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin Javed Iqbal na birnin Lahore a Pakistan ya hana ni sukuni, 'yan uwa.

Yara maza 100 mutumin nan ya ce ya kashe, 'yan shekara 6 zuwa 16. Shaƙe su yake yi, ya narkar da gawarwakin a cikin asid. Kuma ba bincike ne ya tona shi ba. Shi da kansa ya rubuta wa 'yan sanda da wata jarida wasiƙa a ƙarshen 1999 yana faɗin abin da ya aikata. Da aka shiga gidansa sai ga tulin riguna da takalman yara, ga hotunansu, ga sunaye a rubuce. Da waɗannan kayan ne iyaye suka riƙa gane 'ya'yansu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a shekarar 2000, ya mutu a kurkuku a 2001.

Yawancin yaran nan na titi ne, masu bara da waɗanda suka gudo daga gida. Irin yaran da ba wanda zai yi saurin cigiyarsu. A garin Musulmi fa, mai cike da masallatai!

To mu fa? Da magariba ta yi, maigida zai leƙa garke ya ƙirga awakinsa, amma ɗansa ɗan shekara 14 yana gidan kallon ƙwallo har ƙarfe 12 na dare, ko a jikinsa. In ka yi magana a ce "ai namiji ne." Haba Alhaji! Namijin ba a yaudararsa? Ba a lalata shi?

Yaro ya shigo da sabuwar waya, ba aiki yake ba, ba sana'a. Ya ce wani ogansa ne ya ba shi. Sai uwa ta ce "Allah Ya saka masa da alheri," shi ke nan. Wane oga? A ina yake? Me yake nema wurin ɗanki da zai kashe masa wannan kuɗin? Hajiya, ki tambaya, ko da zai yi fushi. Na san kina sonsa, na san gudun ɓacin ransa kike, amma ki tambaya.

Ga wanda ya ɗora ɗan shekara 7 a mota da allo da roba, shekara ta zagayo bai je ya ga inda yake kwana ba. Yaron da yunwa ke ci, duk wanda ya miƙo masa abinci zai bi.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da tsare yara idan dare ya kawo jiki, ya kuma ce kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya kan abin kiwonsa. Mun haddace, muna faɗa, ba ma yi.

Don Allah ku ji tsoron Allah a kan 'ya'ya maza. Tashi yanzu ka duba shimfiɗarsa. In ba ya nan, sa takalminka ka fita nemansa.